Darasi Na 9: Kariyar Ƙafar Baya Ga Dokin Tsalle

Duk wanda ya taɓa kallon hawan sallah a Gombe ko a Bauchi ya san lifidi. Riga ce mai kauri da ake cusa wa auduga, a sa wa doki domin kibiya da mashi kada su same shi a fagen fama. Yaƙin ya wuce, lifidi ya zama ado. Amma dabarar tana nan, wato a rufe wurin da ake jin tsoron rauni tun kafin raunin ya zo.

Abin da za mu karanta a yau ɗan ƙaramin lifidi ne, wanda ake ɗaura wa doki a ƙafar baya, daidai idon sawu. Kada a haɗa shi da takalmin ƙarfe da ake buga wa kofato, wannan daban. A darasin nan za mu riƙa ce masa kariyar ƙafa. Ya yi kama da abin da 'yan ƙwallo ke cusawa cikin safa don kare ƙwauri. Bayansa tauri gare shi, na roba ko na fata. Cikinsa laushi, don kada ya goge gashi.

Gasar tsalle

A nan wajenmu an fi sanin kilisa da sukuwa da hawa, sai kuma ƙwallon dawaki. A Turai da Amurka da ƙasashen Larabawa akwai wata gasa da ake jera shingaye a fili, a ɗora sanduna a kansu, doki ya bi yana tsallakewa ɗaya bayan ɗaya. In ya kayar da sanda, a rubuta masa makin laifi 4. A manyan gasanni tsayin shinge yakan kai mita 1 da santimita 60, kusan tsayin mutum ke nan. Tun shekarar 1912 ake yin wannan gasa a wasannin Olamfik ba yankewa. Hukumar da ke kula da ita a duniya sunanta FEI. An kafa ta a 1921, ofishinta yana birnin Lozan na ƙasar Suwizalan.

Mai karatu zai ce, to mu ina ruwanmu? Da ruwanmu. Ƙafar dokin Jamus da ƙafar dokin Dukku halitta ɗaya ce. Abin da ke ji wa wancan ciwo a kan shinge shi ke ji wa namu a wajen zamiya da juyi, ko in yaro ya tsallakar da shi kwalbati.

Me ya sa wurin ke da haɗari

Ka shafa ƙafar doki daga cinya zuwa ƙasa. A sama za ka ji tsoka cike da hannu. Da ka wuce gwiwa, tsoka ta ƙare. Daga nan har kofato babu komai sai ƙashi da jijiya da fata. Babu naman da zai tare duka. A bayan idon sawu kuma akwai wasu ƙananan ƙasusuwa guda 2 waɗanda jijiyoyi ke bi ta kansu. Ciwo a wannan yanki yana daɗewa bai warke ba, kuma fatar wurin takan yi tsiron nama in an yi sakaci.

To wane ne ke dukan wurin? Yawanci ba sanda ba ce, ba dutse ba ne. Dokin ne da kansa. In ya yunƙura zai tashi, ko ya dira, ko ya sha kwana da gudu, kofaton ƙafa ɗaya yakan shafi cikin idon sawun ɗaya ƙafar. In akwai takalmin ƙarfe a kofaton, abin ya fi muni, kamar an sa aska. Shi ya sa ɓangaren kariya mai tauri kullum yake kallon ciki, tsakanin ƙafafu, ba waje ba. Na sha ganin an juya shi waje don ya fi kyan gani. Wanda ya yi haka bai kare komai ba.

Ba kowane doki ke buga ƙafa ba. Wani halittarsa ce, ƙafafun bayansa sun matse. Wani kofatonsa ne ya yi tsawo, ko aka yanke shi a karkace. Wani dukushi ne bai gama ƙwari ba. Wani kuwa gajiya ce kawai, da safe lafiya lau, sai an kusa tashi daga kilisa ya soma shafa.

Ga yadda za ka gane. Ka samo alli ko farar ƙasa, ka shafa a gefen kofato na ciki, a ƙafar hagu ta baya. Ka sa yaro ya ja dokin da sassarfa a wuri mai tauri, ya je ya dawo. Sai ka duba cikin ƙafar dama. In ka ga fari, ka ga inda yake bugawa. Ka goge, ka sake gwadawa a ɗaya ƙafar. Wani lokaci ma ba sai da alli ba, za ka tarar gashin wurin ya zube, ko akwai ɗan ɓawon tsohon ciwo kamar ƙwayar wake. In ka ga haka, kafin ka nemi kariya fara kiran mai gyaran kofato. Kofato yana son gyara duk bayan sati 6 zuwa 8. Sau da yawa daga nan matsalar take ƙarewa.

Karatu: a barga

A karanta wannan da murya, mutum biyu, ɗaya Baffa ɗaya yaro.

"Baffa, ga kariyar nan na wanke. In ɗaura masa?"

"Tsaya tukuna. Ka goge ƙafar?"

"Ai ba datti, Baffa."

"Sa hannu ka ji. Ka ji yashi? Ƙwayar yashi ɗaya in ta shiga ƙarƙashi, kafin ku dawo ta ci fata. Goge, ka bari ta bushe."

"To, na goge."

"Matso gefe, kada ka tsaya a bayansa. Tsuguna, amma kada ka sa gwiwa a ƙasa, don in ya motsa ka iya tashi. Ɗora ta sama kaɗan, ka zamo da ita ƙasa yadda gashi ya kwanta. Mai taurin ya zauna a ciki. Maɗaurin a waje, bakinsa ya kalli baya."

"Na ja da ƙarfi don kada ta faɗi."

"Sa yatsanka tsakaninta da ƙafar."

"Ya ƙi shiga, Baffa."

"To ka matse shi. Kwance ka sake. Yatsa ɗaya ya shiga, amma kada ta riƙa juyawa."

Inda aka ɓata abin

Wannan maganar ta matsewa ita ce ta fi damuna a darasin nan, don haka zan ɗan tsaya a kanta.

A can inda ake gasar, wasu mahaya sun lura cewa in aka matse ƙafar baya da kariya mai tsauri, doki yakan ji zafi ko takura, sai ya riƙa fizge ƙafafunsa sama fiye da yadda ya saba in yana kan shinge. Sanda ba ta faɗuwa, mahayi ya ci kyauta. Har aka riƙa ƙera wasu na musamman masu danna jijiya, a ja maɗaurin iya ƙarfi daf da shiga fili. Abin da aka yi don kare dabba ya koma abin cutar da ita. Doki ba ya kuka kamar akuya, yana daurewa, shi ya sa mai kallo ba ya gane komai.

Hukumar FEI ta hana irin waɗannan, amma daki-daki. A farkon 2019 ta hana a gasar yara da wasu rukunoni. A 2020 ta haɗa da matasa. Daga 1 ga Janairun 2021 haramcin ya hau kan kowa a gasannin ƙasa da ƙasa. Yanzu akwai jami'an da ke duba kariyar doki a wurin gasa. Dokar ta ce duk abin da aka ɗaura a ƙafa ɗaya kada nauyinsa ya wuce giram 500, ban da takalmin kofato. Giram 500 rabin kilo ne, nauyin ledar ruwa mai rabin lita. Ga dawaki masu ƙarancin shekaru da ke koyo, tsayin kariyar ta ciki kada ya wuce santimita 16, wato rabin rular makaranta da ɗan ɗoriya. Maɗaurinta ya zama mai mannewa irin na takalmin yara, wanda ake kira Velcro, marar talewa, faɗinsa aƙalla santimita 5. An so faɗin ne don siririn maɗauri yana nutsewa cikin fata kamar igiya.

Mu ba mu da jami'in da zai duba mana, amma laifin muna yin irinsa ba da niyya ba. Shekarun baya ina kula da wani doki bikili a wata barga a Jekadafari. Ya ji ɗan ciwo a idon sawu, na yaga tsumma na naɗe, na ƙulle tamau don kada ya warware cikin dare. Da asuba na tarar ƙafar ta kumbura sama da ƙasan ƙullin, wurin da zafi kamar an ɗora a murhu. Da na kwance, sawun tsumman ya fito a fata, zobe guda. Ya yi kwanaki yana ɗingishi, daga baya farin gashi ya tsiro a wurin, bai sake komawa launinsa ba. Ƙaramin ciwon da na so in rufe bai kai rabin wanda na jawo ba. Har yau in na ga an ɗaure ƙafar doki da robar taya ko igiyar leda sai gabana ya faɗi.

Zafi da ƙarangiya

Akwai abin da ya shafe mu fiye da Turawa. Jijiyar ƙafar doki tana ɗaukar zafi in yana sukuwa, cikinta yakan kai digiri 45. Iska ce ke sanyaya ta. In an rufe wurin da roba, zafin ba shi da hanyar fita. Ka tuna yadda Gombe take a watan Maris da Afrilu. Saboda haka kariya ta lokacin aiki ce kawai. Da an sauka, ita za a fara cirewa, kafin ma sirdi. A zuba ruwa mai sanyi a ƙafar, a shafa a ji ko akwai zafi ko kumburi. Kada doki ya kwana da ita a turke. Kuma a sani, ba ta tallafar jijiya, ba ta maganin targaɗe, duka kawai take tarewa.

Da kaka ƙarangiya takan cika maɗauri har ya daina kamawa, a tsince ta da tsinke. A wanke kariyar, a shanya a inuwa, rana tana busar da roba ta tsage. Wadda cikinta ya yi tauri ko ya fashe, a yar.

Wanda bai sami ta kanti ba, baduku zai iya ɗinka masa. A kai masa awon ƙafar da zare. A ce ya yi bayan da fata mai kauri, cikin da mai laushi, ɗinkin kada ya fito ta ciki. Dawakinmu ba su kai na Turai girma ba, don haka ta gwanjo sau da yawa takan yi musu yawa, ta zamo ta sauka kan kofato.

In akwai buɗaɗɗen ciwo, ba a ɗora kariya a kai. A wanke da ruwa mai tsabta, a kira likitan dabbobi, a tambaye shi allurar cutar sarƙewar haƙora, domin doki yana cikin dabbobin da ta fi kamawa.

Aiki

A kwafi waɗannan a littafi, a lura da ƙugiyar harafi, domin ita ke canza ma'ana:

ƙafa, kafa
ɗaure, daure
ɓata, bata

A cike gurbi da ɗaure ko daure: Yaro ya ______ kariya. Doki ya ______ zafi.

Lissafi: kariya ɗaya nauyinta giram 180 a bushe. Ta jiƙe, ta sha ruwa da laka giram 95. Nawa ta zama? Saura giram nawa ta kai 500?

A amsa da baki: ina ɓangare mai tauri yake kallo? A wace shekara haramcin ya hau kan kowa?

Aikin gida: mai doki, ko mai maƙwabci da doki, ya nemi izini ya yi gwajin alli. Ya auna kaurin ƙafar baya da zare, yatsa huɗu sama da idon sawu, ya ɗora zaren a kan rula, ya rubuto adadin ya kawo aji ranar darasi na gaba.