Yadda Ake Kafa Ma'ajiyar Bayanai ta NAS da Kula da Ita

Duk inda mutane uku ko huɗu suke aiki da fayiloli iri ɗaya, ba a daɗewa ake gajiya da yawo da filashi daga wannan kwamfuta zuwa waccan, har a rasa sanin wane kwafi ne na ƙarshe. Na'urar da ake kira NAS ce take raba wannan gardama. Akwati ne mai gurabun faya-fayai da ƙaramar kwamfuta a cikinsa, ana jona shi da rauta ta waya, kowa ya riƙa ajiya yana ɗauka daga inda yake zaune. Kamfanoni irin su Synology da QNAP da Asustor suna sayar da shi a haɗe, wanda kuma yake da tsohuwar kwamfuta mai ƙwari yana iya ɗora mata manhajar TrueNAS ta yi masa aikin.

Faya-fayan sun fi akwatin muhimmanci, domin a cikinsu dukiyar take. A sayi waɗanda aka ƙera don aiki dare da rana, kamar WD Red Plus ko Seagate IronWolf, a kuma duba takardar bayanansu a tabbata nau'in CMR ne, wanda layukan rubutunsa ba sa hawa kan juna, ba SMR ba. A faifan SMR layukan rubutu suna hawa kan juna, saboda haka gyara layi ɗaya yana jawo sake rubuta na kusa da shi, kuma idan rubutu ya yi tsawo sai faifan ya yi nauyi ƙwarai, musamman lokacin da ake sake gina bayanai bayan wani faifai ya mutu.

Kafin a kunna komai, a yanke shawara kan tsarin RAID, wato yadda za a haɗa faya-fayan su yi aiki tare don kada mutuwar ɗaya ta tafi da bayanai, domin sauya shi daga baya aiki ne mai wahala. RAID 1 yana buƙatar faifai biyu, kowanne yana ɗauke da abin da ɗan'uwansa yake ɗauke da shi, don haka rabin wurin ne kawai ake mora. RAID 5 yana farawa daga faifai uku kuma yana jure mutuwar guda ɗaya, RAID 6 kuwa daga huɗu yake farawa, yana jure mutuwar biyu. A ganina, duk wanda yake da gurabu huɗu ko fiye da manyan faya-fayai, gara ya haƙura da wurin da zai rasa ya ɗauki RAID 6. Kada kuma hankali ya tashi idan faifan terabait 4 ya nuna 3.64, bambancin lissafi ne tsakanin masu ƙerawa da kwamfuta.

Haɗawar kanta ba ta da wuya. A zura kowane faifai a farantinsa, a tura shi cikin gurbi har a ji ya zauna, a ajiye akwatin a wuri mai iska wanda ba ya girgiza, da tazara tsakanin fankar bayansa da bango. A jona shi da waya nau'in Cat5e ko Cat6, wadda tsawonta bai wuce mita 100 ba. A kan layin gigabit ɗaya ana samun kimanin megabait 110 a daƙiƙa. Sannan a shiga rauta a keɓe wa na'urar adireshin IP nata na dindindin, don kada wata rana kwamfutoci su neme ta su rasa. A haɗa ta da batirin UPS, a kuma sa wayar USB tsakaninsu, domin ta nan ne batirin yake shaida wa na'urar cewa wuta ta ɗauke, ita kuma ta rufe kanta cikin tsari maimakon ta mutu ana tsakiyar rubutu.

Bayan an girka manhajar na'urar, a buɗe sabon asusun mai kula da wani suna daban, a rufe asusun admin da ya zo da na'urar, tunda shi masu kutse suke fara gwadawa. Kowane mutum a ba shi nasa asusun da tasa kalmar sirri, a kuma ba shi izini kan jakunkunan da aikinsa ya shafa kaɗai. A kashe tsohuwar ƙa'idar musayar fayiloli ta SMB1, wadda ta raunin cikinta ne cutar kwamfuta ta WannaCry ta bazu a shekarar 2017. A kashe UPnP a rauta, wato tsarin da yake barin na'urori su buɗe wa kansu ƙofa, kada a buɗe wa na'urar ƙofa kai tsaye zuwa intanet. A shekarar 2022 manhajar garkuwa da bayanai mai suna DeadBolt ta kulle fayiloli a na'urorin NAS masu yawa waɗanda aka bari a buɗe haka. Mai son shiga daga nesa ya bi ta VPN, wato keɓantacciyar hanya mai tsaro ta cikin intanet.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar RAID a matsayin kwafin ajiya. RAID yana kare mutum ne daga mutuwar faifai kawai. Idan wani ya goge jaka bisa kuskure, nan take za ta ɓace daga dukkan faya-fayan, haka kuma gobara ko ɓarawo ba sa zaɓar faifai ɗaya su bar saura. Ƙa'idar da aka sani ita ce 3-2-1, wato kwafi uku, a kan nau'in ma'ajiya biyu, ɗaya daga ciki a wani wuri daban. Idan na'urar tana aiki da tsarin adana fayiloli na Btrfs ko ZFS, a kunna ɗaukar hoton halin da fayiloli suke ciki a kullum, wanda yake ba da damar komawa yadda suke jiya. Lokaci zuwa lokaci a gwada maido da fayil ɗaya daga kwafin ajiyar, a buɗe shi a gani da ido, domin sau da yawa sai ranar buƙata ake gane cewa kwafin ya daɗe da tsayawa.

Sauran kulawar ta yau da gobe ce. A saita na'urar ta riƙa aiko da gargaɗi ta imel, a aika saƙon gwaji a tabbata yana isowa. A tsara gwajin lafiyar faifai na SMART, da binciken dukkan bayanai sau ɗaya a wata, a riƙa sabunta manhaja, a share ƙurar fanka, a kuma lura kada zafin faya-fayan ya riƙa zarce digiri 45 na Salshiyos.

Ranar da faifai ya mutu, na'urar za ta fara ƙara, fitilar gurbinsa kuma ta sauya launi. Kada a yi gaggawar zaro komai. A fara sabunta kwafin ajiya, sannan a duba lambar gurbin da lambar faifan a shafin kula, domin zaro lafiyayyen faifai a RAID 5 da ya riga ya rasa ɗaya yana iya rushe tsarin gaba ɗaya. A sa sabon faifai mai girman tsohon ko wanda ya fi shi, a ba da umarnin gyara, a rage wa na'urar aiki. Sake ginawar tana iya cin sa'o'i masu yawa, a manyan faya-fayai har fiye da kwana guda, kuma a wannan lokacin ne sauran faya-fayan suke shan wahala mafi tsanani, saboda haka kada a kashe na'urar sai shafin kula ya nuna cewa tsarin ya dawo lafiya.