Yadda za ki gane ko bitamin E na rage miki ciwon nono kafin al'ada

Matan da ke kawo mini kukan ciwon nono a nan Garwa kusan labarinsu ɗaya ne. Nono ya cika ya yi nauyi, ko riga ta goge shi sai an ji, sai a aiki yaro ya sayo ƙwayar bitamin E. A sha kwana huɗu, jini ya zo, ciwo ya tafi, a ce maganin ya yi. Alhali irin wannan ciwon da ma da zuwan jini yake lafawa, ko da magani ko babu.

Don haka ajiye zancen ƙwaya tukuna, ki nemi kalanda ko tsohon littafin makarantar yara. Kullum kafin ki kwanta ki rubuta lamba: 0 in babu ciwo, 1 in kina ji amma bai hana ki komai ba, 2 in ya hana ki kwanciya rub da ciki, 3 in har daka ko ɗaukar yaro a ƙirji ya gagare ki. Ranar da jini ya zo ki zagaye ta da biro. Wata 2 cur za ki yi haka ba ki sha komai ba. A nan yawanci ake sarewa. Ƙanwata kwana tara ta yi ta watsar, ta ce: "Yaya, ai ina riƙe da shi a kaina." Da na tambaye ta wane nono ya fi ciwo a watan jiya, sai ta yi shiru. Ni dai ba na sauraren "ya yi sauƙi" in babu takarda.

In takardar ta nuna ciwon na hawa mako ɗaya ko biyu kafin al'ada, a nono biyun, ya sauka da zuwan jini, to sauyin sinadaran jikin mace ne. Ƙwaya ko allurar tazarar haihuwa ma kan jawo shi, haka sabon ciki, saboda haka in jini ya yi jinkiri ki yi gwaji. Amma in wuri ɗaya ne ke ciwo ba ya bin wata, ko kin ji ƙululu a ciki, ko jini na fita daga kan nono, ko fatar ta koma kamar ɓawon lemo, ko ya yi ja da zafi ga zazzaɓi, rufe littafin ki tafi asibiti, kada ki jira.

Kafin ki kashe ko sisi a magani, sauya rigar nono. Wadda robarta ta saki ba ta tallafe komai. Samu mai faɗin hannu, daidai jikinki, ko ta gwanjo ce, ki kwana da ita a ranakun da kika rubuta 2 ko 3.

In har ciwon na nan, sai bitamin E. Binciken da aka yi a kansa ƙanana ne kuma sun saɓa wa juna, wasu mata sun ji sauƙi, wasu ba bambanci. Ɗaya daga cikin awon da aka gwada shi ne 200 IU (ma'aunin ƙarfin bitamin da ake rubutawa a jikin kwali) sau biyu a rana, a sha da abinci. A famasi za ki saya. Wanda ake yawo da shi a faranti cikin zafin Maris da Afrilu, ƙwayoyin sun narke sun manne da juna, asarar sefa ce kawai. Ki ci gaba da rubutun har wata 3, ki jera shafukan ki duba. In lambobin ba su sauka ba, daina.

Kada ki ninka awo don gaggawa, yawansa na sa jini ya ƙi tsayawa. Mai shan warfarin (maganin hana jini daskarewa) ko asfirin, da mai ciki, su tambayi likita tukuna. Bitamin B6 da wasu ke haɗawa kuwa, shansa da yawa na tsawon lokaci yana taɓa jijiya, hannu da ƙafa su riƙa mutuwa. Ranar da ciwo ya yi tsanani, farasitamol ko man shafawa na diclofenac ya isa.