Yadda za ka gwada sensar oksijin ta mota kafin ka sayi sabuwa

Ɗan'uwa, in motarka ta fara shan fetur tana fitar da baƙin hayaƙi, kar ka yi saurin sayen sensa. A garejinmu na Suame Magazine, nan Kumasi, nakan ce wa yarana gwaji tukuna.

Sensar tana ɗaure a jikin salansa, tana auna oksijin da ya rage cikin hayaƙi. Cikinta tangaran ne na zirkoniya, ba ya aiki sai zafi ya kai wajen digiri 300. Don haka bar inji ya ɗau zafi sosai, sannan ka ɗora mitar auna bolt a wayar sigina ta sensar da ke kusa da inji. Irin wadda aka fi sani, in lafiyarta ƙalau, takan yi sama da ƙasa da sauri tsakanin bolt 0.1 da 0.9. In ta tsaya cik, duba soket da fis na hita, wato abin da ke ɗumama sensar daga ciki, don ƙura da ruwan damina suna cin su.

Sai ka kwance ta ka dubi bakinta. Baƙar kunkunniya, fetur ya yi yawa. Farin gari kuwa, galibi gam ɗin silikon ne ko ruwan lagireto da ke yoyo cikin inji. Wannan yana ba ni takaici ƙwarai, don in ba a toshe yoyon ba, sabuwar ma mutuwa za ta yi. Kuma kar girisi ya taɓa bakinta wajen ɗaurawa.