Yaro ya shiga makaranta, sai a rataye jakar tafiya

A watan Oktoba muka sauka Ingila, ni da maigida da ɗanmu mai shekara bakwai. Kwana uku da zuwanmu na sa masa wankakkun kaya, na riƙe hannunsa muka nufi firamaren da ke bayan gidanmu. A tunanina hedimasta zan gani, in nuna sakamakon yaro, washegari ya fara. Matar da ke ƙofar ofis ta saurare ni har na gama, sannan ta rubuta mini adireshin intanet a guntun takarda, ta ce ƙaramar hukuma ce ke raba gurbi, su ma ajinsu ya cika. Sai da yaron ya yi kusan wata guda yana leƙen 'yan makaranta ta taga kafin a ba shi wata, mai nisan da sai mun hau bas.

Abin da ya jawo mana jinkirin, shaidar adireshi. A gidan wani abokin maigida muka sauka, babu takarda ko ɗaya mai sunanmu. A Ingila da Amurka inda kake kwana yana da tasiri sosai a kan makarantar da ɗanka zai samu, kuma takardar haya ko ta biyan wuta da gas ake nema. Saboda haka kafin ku sa hannu a haya, ku duba makarantun unguwar, ku tambaya ko da gurbi a ajin shekarun yaronku. Wanda ya san zuwansa tun da wuri, ranar rufe neman firamare a Ingila 15 ga Janairu ce, ta sakandare 31 ga Oktoba, duka na shiga a Satumba mai zuwa. Wanda ya zo tsakiyar shekara irinmu, akwai fom ɗinsa daban.

Takardu kuwa tun daga gida ake haɗa su: takardar haihuwa, katin rigakafi, sakamakon shekarar da ta wuce, da wasiƙar barin makaranta. Ku zauna ku jera su kusa da fasfo, ku karanta harafi bayan harafi. Mu a wurinmu Muhammad da Mohammed da Muhammadu mutum ɗaya ne, amma kwamfutarsu mutum uku take gani. Katin rigakafin nan da uwa kan jefa a ƙasan akwati ya fi ƙarfin wasa: a Jamus tun watan Maris na 2020 doka ta wajabta shaidar rigakafin ƙyanda ga yaran makaranta, a Amurka ma kowace jiha tana da jerin allurorin da take nema.

Akwai abin da ke yi wa iyaye ciwo, ni ma ya yi mini. A gida ɗana ya tsallake aji saboda ƙoƙarinsa, har ina alfahari. A can babu mai tambayar wannan. Ranar haihuwa ce ke raba aji: a Ingila duk wanda aka haifa daga 1 ga Satumba zuwa 31 ga Agusta na gaba tare suke zama. Na ji kamar an mayar da shi baya, amma daga bisani na gode wa Allah, domin ƙarfin da zai sa wajen bin karatu ya sa shi wajen kama harshe da yin abokai. Shekarun farawa ma sun bambanta. A Faransa tun 2019 karatu wajibi ne daga shekara 3, a ofishin magajin gari ake rajista. A Jamus a shekara 6 ake shiga firamare, kuma ba a yarda iyaye su tsare yaro a gida su koyar da shi da kansu ba.

Makonnin farko, kada shirun yaro ya tayar muku da hankali. Nawa yana jin Turanci tun daga gida, amma saurin bakinsu ya rikita shi, ya yi kusan wata biyu ba ya ɗaga hannu. Ranar ganawa da iyaye malamarsa ta ce mini tana damuwa, idan tana masa magana ƙasa yake kallo, ko akwai abin da yake ɓoyewa? Dariya ta kusa ƙwace mini. Na bayyana mata cewa a wurinmu yaro mai tarbiyya ba ya zuba wa babba ido. Ta rubuta a littafinta, daga ranar ta daina matsa masa. Irin wannan ku riga su faɗa, haka batun abincin halal, da azumi, da wurin salla. Kuma kada ku daina yi masa Hausa a gida don wai ya yi saurin kama yarensu. Yarensu zai kama ko kun so ko kun ƙi. Hausar ce ke sulalewa ba a sani ba, sai ranar da kaka ta kira a waya aka rasa mai amsa mata.

To, ga inda mutanenmu suka fi tuntuɓe. Mu mutanen zumunci ne, biki ko rasuwa ko suna ba sa jiran hutun makaranta, kuma tikitin jirgi ya fi araha a lokacin da yara ke aji. Su kuwa ranar makaranta haƙƙin yaro ce a wurinsu, ba ta iyaye ba. A Ingila tun watan Agusta na 2024 tarar ɗauke yaro ba izini fam 80 ce idan an biya cikin kwana 21, ta koma fam 160 bayan haka, kuma a kan kowane mahaifi, a kan kowane yaro. Uwa da uba masu yara uku su lissafa da kansu. Tarar ma da sauƙi. Idan yaro ya yi kwana 20 na makaranta a jere ba izini, ana iya cire sunansa daga rajista, ku dawo ku tarar an ba wani kujerarsa, ku sake bin layi daga farko. Izini a rubuce ake nemansa wurin shugaban makaranta tun kafin a sayi tikiti. Rasuwar makusanci akan duba, ranar Idi ma akan bayar a matsayin ranar ibada idan kun sanar. Bikin ƙanwa ko “mun daɗe ba mu je gida ba” da wuya su karɓa.

Wasu kan ce, to mu tafi mu bar shi wurin maƙwabciya, ai 'yar gida ce. Riƙo a wurinmu ba abin tambaya ba ne, amma a Ingila idan yaron da bai kai shekara 16 ba zai yi kwana 28 ko fiye a hannun wanda ba kaka ba, ba yaya ba, ba kawu ko gwaggo ko inna ta jini ko ta aure ba, ba mijin uwa ko matar uba ba, dole a sanar da ƙaramar hukuma. Masu niyyar aikin Hajji su kula da wannan. Ko tafiyar mako guda ce, ku ba makaranta suna da lambar wanda zai riƙa ɗauko shi, domin ba za su miƙa yaro ga fuskar da ba su sani ba. Idan kuma uwa kaɗai ce za ta fita ƙasa da shi, ta riƙe wasiƙar amincewar uban, jami'an kan iyaka kan tambaya.

Masu yawo daga ƙasa zuwa ƙasa saboda aiki ko kwas na 'yan watanni, ku tuna shekarar karatu ba ɗaya ba ce a duniya. A Turai da Amurka tsakanin Agusta da Satumba ake farawa, a Afirka ta Kudu a Janairu, a Japan a Afrilu. Duk inda za ku tashi, ku karɓi rahoton malami a rubuce kafin ku bar garin.

Mu dai yanzu kalandar makaranta ce manne a jikin firij. Dogon hutu kusan mako shida ne, daga ƙarshen Yuli zuwa farkon Satumba, sai mako guda-guda a Oktoba da Fabrairu da ƙarshen Mayu, da hutun Kirsimeti da na Ista. Bara da aka sa ranar auren ƙanwata a Nuwamba, na kira Hajiya na ce, “Umma, ko dai a matso da shi Agusta, ko ku yi haƙuri da ni ni kaɗai.” Ba a matsar ba. Na je na yi kwana tara, baban yaro ya koyi haɗa abincin makaranta.