Yadda Ake Jinyar Gyambon Baki Mai Yawan Dawowa da Magungunan Gida

Gyambon da ake magana a kansa shi ne ɗan ƙaramin miki mai fari ko ruwan ɗorawa a tsakiya da ja a gefe, wanda kan fito a cikin leɓe, ko a kumatu ta ciki, ko a gefen harshe, ya hana mutum jin daɗin abinci da magana. Ba ya yaɗuwa daga wani zuwa wani, kuma yakan warke da kansa cikin mako ɗaya zuwa biyu, sai dai ga wasu mutane da zarar ɗaya ya warke sai wani ya ɓullo. Aikin maganin gida shi ne ya rage raɗaɗi, ya tsabtace wurin, ya bar naman ya haɗe. Saboda haka duk abin da zai ƙona bakin ba shi da gurbi a nan, ko da kuwa an saba jin cewa zafin magani shi ne alamar yana aiki.

A fara da ruwan gishiri. A zuba rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofi ɗaya na ruwan ɗumi, a kurkure baki na kusan rabin minti, a tofar, a yi haka sau uku ko huɗu a yini, musamman bayan cin abinci.

Sai bagaruwa, wadda babu wanda zai koya wa mutumin Sakkwato saninta, tun da da ita majemanmu suke jime fatar jar akuya. Sinadarin da ke sa fata ta ɗaure a wurin jima shi ne yake ɗaure fuskar gyambon ya rage masa zafi. A samo kwanso uku ko huɗu busassu masu tsabta, waɗanda ba su yi fumfuna ba, a fasa a cire ƙwayoyin, a wanke, a tafasa a ruwa kofi biyu na kamar minti goma, sannan a tace da kyalle mai tsabta a bari ya huce. Da wannan ruwan ake kurkure baki safe da yamma, ba a haɗiyewa. Idan an ji baurin ya yi yawa har baki ya bushe, a ƙara ruwa, domin kauri ba ya ƙara masa amfani. A dafa sabo kullum, saboda a zafin Sakkwato, musamman daga Maris zuwa Mayu, tsimin da ya kwana ba abin amincewa ba ne. Wanda bai samu bagaruwa ba zai iya dafa ɗanyen ganyen gwaba biyar ko shida ta wannan hanya.

Bayan kurkura sai zuma, kuma ita na fi ba wa muhimmanci. A tsane wurin da auduga, a ɗiga zuma kaɗan a kan gyambon, a dakata da ci da sha na ɗan lokaci domin ta zauna, a maimaita sau uku ko huɗu a yini da kuma kafin kwanciya. Tana rufe mikin, tana kuma hana ƙwayoyin cuta yaɗuwa a kansa. A nemi zuma ta gaskiya wurin wanda aka yarda da shi, domin wadda aka haɗa da sukari ba za ta yi wannan aiki ba. Ba a ba jaririn da bai cika shekara ɗaya ba zuma ko kaɗan.

Kanumfari yana kashe zafi na ɗan lokaci. A jiƙa ƙwaya huɗu ko biyar a ruwan zafi, a kurkure da ruwan kafin cin abinci. Man kanumfari tsagwaronsa yana ƙona baki, haka ma kanwa da garin asfirin da wasu ke dannawa a kan mikin, kuma duk suna faɗaɗa shi ne.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake jinyar gyambon a manta da abin da ke dawo da shi. Ƙarancin barci da damuwa suna tayar da shi, haka cizon kumatu, da haƙori mai kaifi, da goga dasashi da busasshen asuwaki ko burushi mai tauri. A jiƙa bakin asuwaki ya yi laushi kafin a yi amfani da shi. Wasu kuma sinadarin kumfa na man goge baki ne ke jawo musu, sai a gwada sauya man. A kwanakin ciwon a ɗaga wa yaji da kilishi da tsamiya da lemun tsami da shayi mai tsananin zafi ƙafa, a koma ga kunu mai ɗumi da fura da nono marar tsami sosai, a kuma yawaita shan ruwa. Wani lokaci tushen matsalar ƙarancin jini ne ko ƙarancin bitamin B12, don haka hanta da wake da ƙwai da zogale da alayyafo su riƙa shiga abinci a kai a kai.

Idan gyambo ya wuce mako uku bai warke ba, ko ya yi girma da tauri, ko ya zo da zazzaɓi, ko rama, ko miki a wani sashe na jiki, to a ajiye tsimi a je a ga likitan haƙori ko na asibiti, kamar a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, domin a duba bakin a kuma auna jini. Mai shan taba ko mai sa ta a baki kada ya jira ko da kwana ɗaya bayan mako ukun nan, saboda sankarar baki takan fara ne da mikin da ya ƙi warkewa.