Babi na 4: Sharar Gida Iri Biyu Ce

Darasi na 1: Raba shara

Sannunku da ƙoƙari. Wanda karatu bai zauna masa ba tukuna ya sa yatsa a ƙarƙashin kowace kalma, ya bi a hankali. Ba tsere muke yi ba.

Ku samo bokiti biyu, ko da masu yoyo ne. Ku ajiye ɗaya a dama, ɗaya a hagu. Dama ita ce hannun da kuke cin tuwo da shi.

Na dama na abin da ke ruɓewa ne: ɓawon doya, tuƙar rake, busasshen ganye, toka, kashin awaki da na kaji. Na hagu kuwa leda, kwalba, gwangwani da mataccen batir.

In kun ɗauki abu kun rasa inda za ku jefa shi, ku tambayi kanku: in na binne wannan, ƙasa za ta ci shi? Ƙasa ba ta cin leda. Ku faɗa da baki: leda hagu. Ku sake faɗa. Yanzu ku rubuta sau 3 a littafinku: le-da ha-gu. Madalla.

Ku tambayi mahauta a kasuwar Sabon Gari abin da suke tararwa a tumbin akuya. Leda ce, ta dunƙule kamar gammo, shi ya sa dabba ke ci amma tana ramewa. Ita ce kuma ke toshe lambatu a Tudun Wada in ruwan Agusta ya sauko, wadda ta kuɓuce ta gangara kogin Kubanni da ya ratsa Zariya.

Makon jiya na zaga gidajen wasunku, na tarar da ledar fiya wata a bokitin dama. Wata ta ce mini, "Malam, ai 'yar ta ƙullin gishiri ce." Haba Inna! Ƙarama da babba duk leda ce. Baƙa, fara, ta burodi, duk hagu. Sau nawa zan faɗa? Kada kuma ku ƙona ta a murhu don hura wuta, hayaƙinta na cutar da ƙirji.

Darasi na 2: Ramin taki

Ku haƙa rami a inuwa, nesa da rijiya, zurfinsa ya kai gwiwa. Ku zuba busasshen ganye a ƙasa, sai abin da ke bokitin dama, sai ɗan turɓaya a sama. Kafin ku juye bokitin ku tona shi da kara, ko leda ta ɓuya. In kun gan ta, hagu.

Ku yayyafa ruwa, ban ce ku kwarara ba. Ku kafa sanda a tsakiya. Bayan kwana 3 ku zaro ta ku taɓa: in da ɗumi, aiki na tafiya. Duk bayan mako 2 a juya da fartanya. Cikin wata 2 zuwa 3 zai yi baƙi, ya yi ƙamshin ƙasar farkon damina. To, ya zama taki, sai gona.

Darasi na 3: Ruwa

Ku yi alwala a gindin zogale, ko ku tara ruwan a kwano ku ba shi. Ruwan wankin shinkafa ma haka. Na sabulu ban da shi.

Darasi na 4: Itace

Ku rufe tukunya in kuna girki. Ku jiƙa wake tun dare. In an sauke, a zare itacen a kashe.

Aikin gida: kowa ya zo da ledar da ya tara a mako guda, mu gani.