Inda za ki bar jaririnki kafin ki taso daga aiki: neman raino mai sauƙin kuɗi a Kano

Hutun haihuwa gajere ne. Dokar ƙwadago ta Najeriya mako 12 ta ba mace, ma'aikaciyar gwamnatin tarayya kuma mako 16. Jariri bai ko fara zama ba an ce ki koma bakin aiki. Malamar makarantar kuɗi da mai tsaron shago sau da yawa ko wannan ba sa samu. Da can kaka ce ke karɓar goyo, ko wata daga matan gida. Yanzu ma'aurata na haya a Rijiyar Zaki ko Naibawa, iyaye suna cikin gari ko ƙauye. Don haka ki fara cigiya da zarar an yi arba'in, kada ki bari sai saura mako ɗaya.

Kuskuren da aka fi yi shi ne duba kuɗin wata kaɗai. Ki lissafa har da hanya. Misali, a ce wani gidan raino ya fi na kusa da ke arha da naira 8,000 a wata, amma sai kin ƙara hawa adaidaita sahu na naira 300 da safe, 300 da yamma. A kwana 22 na aiki kin kashe 13,200, ban da makara, ban da ƙurar hunturu da yaron zai sha a hanya. Arhar ta zama tsada. Ki tambaya tun farko ko akwai kuɗin rajista, ko ana biya a wata ko a zango, wa zai kawo famfas da sabulu da abinci, da nawa ake ƙarawa idan kin wuce lokacin ɗauka. Ga jaririn da bai kai wata shida ba, wurin da ke kusa da aikinki ya fi na kusa da gida, domin doka ta ba mai shayarwa rabin awa sau biyu a lokacin aiki. Mai aiki a Sakatariyar Audu Bako ko Asibitin Malam Aminu Kano ta fara tambayar abokan aikinta masu goyo; su ne suka san gidajen da ke bayan layi, waɗanda ba su da allo a ƙofa.

Yawanci mafi sauƙin kuɗi ita ce maƙwabciya mai zaman gida wadda ta yaye nata. Sai kuma haɗin gwiwa: gida uku su ɗauki babbar mace guda, su raba albashinta, yaran su riƙa wuni a gidan da ya fi fili da inuwa. Wannan tsari yana lafiya muddin an fayyace wa ke ciyar da ita da rana, kuma gida ɗaya ne ke tara kuɗin ya miƙa mata a rana tsayayya. Ajin jarirai na makarantun nazire ya fi tsari, amma suna tashi da wuri kuma suna tafiya hutun zango, ke kuwa ofishinki ba ya hutu. Abin da ba mu ba da shawara ba ko kaɗan shi ne ɗauko yarinya 'yar shekara 10 ko 12 daga ƙauye a bar mata jariri wuni guda. Ita ma raino take buƙata. Idan yaro ya shaƙe ko ya fara jijjiga, ba ta san abin yi ba, kuma tsoron faɗa zai sa ta ɓoye faɗuwar da ya yi.

Ranar da za ki je duba wuri, kada ki sanar. Ki je tsakanin sha biyu da biyu na rana, lokacin da zafi ya yi zafi, yara na kuka, mai raino ta gaji. Ki ƙirga yara, ki ƙirga manya. Mace ɗaya kada ta wuce jarirai uku 'yan ƙasa da shekara. Masu tafiya kuma biyar zuwa shida. Dalilin a fili yake: hannu biyu gare ta da baya ɗaya, idan tana wanke wa ɗaya kashi sauran ba mai kallon su.

Sannan ki durƙusa ki kalli gidan daga tsayin mai rarrafe. A nan za ki ga abin da ba a gani a tsaye: bokiti cike da ruwa a bayan ƙofa, rijiya da murfin langa-langa wanda yaro zai iya turewa, kananzir ko fiya-fiya a robar lemo a ƙarƙashin gado, soket a buɗe, kurfoti da garwashi a tsakar gida. Ruwan da bai kai tsawon yatsa ba ma, ya isa ya halaka yaro idan ya kifa a ciki, kuma ba a jin ƙara. Ki duba inda janareta yake, kada hayaƙinsa ya shiga tagar ɗakin barci. Ki ga shimfiɗa: jariri a kwantar da shi rigingine, kan katifa mai tauri, ba matashi, cikin gidan sauro. Ki nemi ruwa ki wanke hannu. Idan aka yi ta neman sabulu, kin sami amsarki.

Akwai tambayar da ake jin nauyinta, amma ki yi ta cikin ladabi: "Hajiya, idan yaro ya ƙi barci, me ake yi masa?" Wasu na ɗura wa yara maganin mura ko na tari don su yi shiru. Alamarsa ita ce ɗakin jarirai tsit da tsakar rana, da yaron da kullum kika ɗauko shi jiki a sake, ido a lumshe, ya kasa kama nono da ƙarfi. Idan kin ga haka kwana biyu a jere, ki ɗauke shi, ki kai shi a duba.

Batun nono ya fi komai wahala a garin nan saboda zafi da rashin wuta. Jariri ƙasa da wata shida nono zalla yake buƙata, ko ruwa ba a ba shi. Nonon da aka tatsa yana kai awa huɗu a ɗaki mai sanyi-sanyi, amma a watan Afrilu, da zafi ke haura digiri 40, kada ki dogara da haka. Ki raba shi a ƙananan kofuna masu murfi, kowanne shan sau ɗaya, ki rubuta suna da lokacin tatsa, ki sa su cikin kula mai ƙanƙara. Mai raino ta ɗumama shi ta hanyar tsoma kofin a ruwan ɗumi, ba a kan wuta ba, kuma ragowar da yaro ya sa wa baki kada ta ajiye ta zuwa anjima. Ki fara koya masa sha da kofi ko cokali mako biyu kafin komawarki, kuma wani ya riƙa ba shi, domin yana jin ƙamshinki zai ƙi. Makon ƙarshe ki kai shi wurin rainon awa biyu, gobe huɗu, jibi rabin wuni.

Ke kuma da za ki karɓi 'ya'yan mutane, amana kika ɗauka, kuma sana'a ce, don haka ki yi ta da littafi. Kowane yaro shafinsa: lambar uwa, lambar uba, lambar mutum na uku, abin da jikinsa ba ya so, da sunayen waɗanda aka yarda su ɗauke shi. Wanda ba ya cikin littafin, ko ya ce shi kawun yaron ne, sai kin kira uwar kin ji daga bakinta. Ki ga katin rigakafi kafin ki karɓa. Allurar ƙyanda ana yin ta a wata 9, a maimaita a wata 15, kuma ƙyanda ɗaya ta shiga ɗaki za ta bi kusan duk wanda ba a yi wa allurar ba. Ki yanke adadin da za ki iya, ki tsaya a kai ko da ƙawarki ce ta zo da magiya. Kuɗi kuma a farkon wata, a gaban shaida ɗaya. Kunyar maganar kuɗi ita ke ɓata maƙwabtaka daga baya.

Yaro mai zazzaɓi, ko amai da gudawa, ko ƙuraje, ko jan ido, ya zauna gida. Faɗa wa uwar a fili: "Maman yaro, yi haƙuri, yau dai ki riƙe shi, saboda sauran." Idan gudawa ta fara a hannunki, ki haɗa ORS (garin gishiri da sukari na gudawa) daidai da yawan ruwan da aka rubuta a jikin ledar, ki riƙa ba shi cokali-cokali, ki kira iyaye, abin da ya kwana ya wuni a zubar. Jaririn da bai kai wata uku ba jikinsa ya kai digiri 38, ko duk yaron da ke jijjiga, ko numfashi da sauri haƙarƙari na shiga ciki, ko ya ƙi shan komai, ba a jiran uwa ta taso. Asibiti mafi kusa, ko na yara na Hasiya Bayero, kina kiran uwar a hanya. Ki ajiye kuɗin mota na wannan rana daban, ki kuma riƙe lambar mai adaidaita ɗaya na unguwa.

Kada ki ba da magani sai wanda uwa ta kawo da adadinsa a rubuce. Zuma ba ta 'yan ƙasa da shekara ba ce. Gyaɗa, aya, alewa mai tauri da dabino mai ƙwallo ki nisanta su da 'yan ƙasa da shekara huɗu, abinci kuma a zaune, kina kallo. Ɗan wani ba a dukansa, ba a girgiza jariri komai kukansa, domin girgiza na iya zubar da jini a ƙwaƙwalwa. Idan ranki ya ɓaci, ki kwantar da shi a shimfiɗarsa, ki tsaya bakin ƙofa minti biyu. Duk faɗuwa ko ƙujewa, komai ƙanƙantarta, ki rubuta lokacin, ki nuna wa uwar wurin da hannunki kafin ta goya shi.